Jijiya Mai Tsarki

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da Faransancina ya kusa kashe surukina, ya haɗa da aurena, duk a zama guda.

Lokacin ina sabon anfirme, wato malamin asibiti, a Dakoro, zamanin Faransa, na fito lakkwal, makarantar boko, kaina ya fi tulu girma. Idan likita Bature ya zo rangadi, ni ne bakinsa, ni ne kunnensa. (Tsakani da Allah rabin maganarsa nake ji, sauran rabin da ƙarfin hali nake cikewa.)

Wata safiya aka shigo da wani dattijo daga Kornaka ɗauke a tabarma. Ina dubawa sai na ga Malam Idi, mahaifin Hajo, wadda nake nema da aure. Raƙumi ne ya kayar da shi, ya faɗi da mazaunai, kwana biyu ke nan fitsari ya ƙi fita, mara ta kumbura kamar salka. Ƙannensa biyu na tsaye a kansa. Da mai kunya ne da ya nemo wani ya yi tafinta, don ba a shiga tsakanin suruki da wandonsa. Ni kuwa gani na yi ranar nuna kaina ta zo.

Likita ya danna marar, ya tsikari mazaunan da allura, dattijo bai ji komai ba. Sai ya yi mini bayani cewa a ƙarshen ƙashin baya akwai wani faffaɗan ƙashi mai ramuka, ta nan wasu jijiyoyi ke fitowa su nufi mafitsara da ƙarshen hanji. Su ke kai labari idan mafitsara ta cika, su ke dawo mata da umarnin ta matse ta saki. Faɗuwar ce ta buge su suka yi sanyi. Dole a zura roba a fitar da fitsarin har su farfaɗo, in ba haka ba ƙoda ta lalace. Sunan jijiyoyin, in ji shi, "sakre".

Wannan kalma kam na san ta, don mushenmu, malamin lakkwal, ya koya mana ita a aji, ma'anarta mai tsarki. Na gyara tsayuwa, na ɗaga murya har na waje su ji, na ce, "Baba, likita ya ce jijiyarka mai tsarki ta mutu, sai an sa mata roba za ta tashi."

To, kowa ya san abin da Bahaushe ke nufi da jijiyar namiji, ya kuma san inda ake yi wa tsarki. Ni kaɗai ne a ɗakin ban ji abin da bakina ya faɗa ba, sai da na ga ƙannensa sun sunkuyar da kai, kafaɗar ɗaya tana rawa don danne dariya.

Malam Idi ya dube ni, gumi na zuba, ya ce, "Ɗan nan, hitsari na kawo. Wa ya aike ka wurin wanga zance?" Ya juya ga ƙannensa ya ce, "Ku maida ni gida in mutu da mutuncina." Suka ko ɗaga tabarma.

Na san idan ya koma Kornaka a haka, gaisuwar mutuwa za ta kai ni gidansu. Na tambayi likita me sakre ke nufi (tambayar da ya kamata in fara da ita). Ya ce sunan ƙashin ne kawai, babu wani tsarki a ciki.

Na ruga na durƙusa a bakin ƙofa, gaban duk masu jiran magani, na ce, "Baba, ka yahe mini, ban ji Nasarancin ba, cika baki ne na yi. Igiyar bakin salka ce ta ƙulle, kwance ta za a yi."

Ya dube ni ya ce, "Da haka ka hwaɗi tun hwarko. A kwance ta, amma kai ka hita waje."

Bayan 'yan makonni jijiyoyin suka farfaɗo, ya tashi, ya kuma ba ni Hajo. Amma har yau a Kornaka babu mai kirana sai da Mai Tsarki, baƙi kuwa su ɗauka wani babban malami ne, har su zo neman addu'a. Nakan ɗaga hannu in yi musu, don ya fi mini sauƙi da in faɗi inda sunan ya samo asali. Tun daga ranar kuma, kalmar da nake ganin na fi sani ita nake fara tambaya.