Yadda Za Ki Koyar da Yara Ba Tare da An Kama Ki Ba

Katunan launi ɗari biyu. Ƙaramar ƙararrawa. Agogon yashi guda uku. Taurarin liƙawa kwali ɗaya. Takardar digiri a cikin firam. Su ke kan cinyata a bayan tasi ranar da zan fara aiki, wata biyu da dawowata daga karatu a waje. Kafin mako ya ƙare an haɗiye tauraro ɗaya, an fasa agogo biyu don a ga ko yashin irin namu ne, ƙararrawar kuma har yau ban san a gidan wa take ba.

Saboda haka ki saurare ni. Idan an ba ki ajin firamare, kuma kina da mugun nufin koya wa yaran wani abu, ga matakai takwas. Na gwada su a kan 'yan aji uku su talatin da takwas. Na ba ki tabbaci, in kika bi su daki-daki, yara za su daina barci, iyaye za su daina kawo ƙara, kuma ba wanda zai gane abin da kike aikatawa.

1. Ki san wanda ya ɗauke ki aiki da sharaɗinsa

Makarantar ta kawuna ce, ƙanen mahaifiyata. Ya ba ni aji ne bayan Umma ta kira shi a waya sau huɗu. Sharaɗinsa gajere ne: zango ɗaya na gwaji. In hedimasta ya ce na iya, aji ya zama nawa. In ya ce ban iya ba, akwai tebur a ofis da kwamfuta a kai, can zan zauna ina buga wa wasu malamai takardun jarrabawa.

Na je na ga teburin. Bango yake kallo.

Ni aji nake so. Ki riƙe wannan a ranki, don duk abin kunyar da zai biyo baya daga nan ya taso.

2. Ki gane da me ake auna ki

Inda na yi karatu, mai duba malami yakan shigo ya zauna a bayan aji da takarda da biro. Nan ba mai shigowa. Hedimasta da kunne yake aiki. Sau uku a rana yana bin baranda, tarin makullai a hannunsa, yana saurare. In ya ji murya talatin da takwas na faɗin abu ɗaya a tare, karatu ake yi. In ya ji shiru, malama ta tafi hira. In ya ji kowa na faɗin nasa, kasuwa ce ta ci.

Ajin da ke jikin nawa na wani dattijo ne da yara ke kira Malam Maimaita. Shekara ashirin da biyu yana faɗa ana mayar masa. Katako ne kawai ya raba mu, saboda haka ni ma na haddace sassan jikin kifi ba da son raina ba. Shi ne gwarzon malamai shekara shida a jere.

Iyaye kuma da shafi suke awo. Da yamma uwa za ta buɗe littafin rubutu ta ga nawa aka cika. Ba za ta karanta ba, tana da aiki. Yaron da ya dawo gida murya a dushe, yatsa duk tawada, ya yi karatu.

3. Ki yi kuskuren farko da wuri ki huta

Ni na yi nawa a mako na biyu. Na sa aka juya bencina aka yi rukuni-rukuni. Na raba murafun kwalba don ƙirga, na raba igiyoyi, na ce a auna mini duk abin da ke cikin ajin.

Yara suka farka. Akwai wata 'yar mitsitsiya da ake kira Tsinke, 'yar tela ce, ba a taɓa jin muryarta ita kaɗai ba. Ta auna allo da taƙin hannunta ta samu arba'in. Yaron da ke kusa da ita ya auna da nasa ya samu talatin da biyar. Ta tsaya a tsakiyar aji ta ce sai an faɗa mata wanda ke ƙarya. Aka yi rabin awa ana musu, har su da kansu suka gano cewa hannu ba ɗaya ba ne, dole a samu ma'auni guda na kowa. Na koma gida ranar ina jin kaina wata aba.

Washegari hedimasta ya kira ni. Ya ce ya wuce ajina sau uku bai ji karatu ba. Na yi masa bayani mai tsawo, har da sunayen masana. Ya saurara har ƙarshe, ya tambaya ko na gama. Sannan ya ce iyaye uku sun zo da littattafai fayau, kuma Malam Maimaita na kuka cewa ɗalibansa sun daina kallonsa, katako suke kallo. Wannan gargaɗi na farko ne, in ji shi, kuma ba ya yin na uku.

Kada ki taɓa fara magana da "can inda na yi karatu". Daga nan ba a jin sauran.

4. Ki gaya wa yara gaskiya, amma da raɗa

Na shiga aji na rage murya yadda sai sun matso za su ji. Na ce musu abin da muke yi ba a so. In aka sake ji, za a kai ni ofis, su kuma a haɗa su da ajin maƙwabta. Wanda ke son mu ci gaba a ɓoye ya ɗaga hannu, kada ya yi magana.

Hannu talatin da takwas suka tashi. Har da na yaron da yake barci tun ranar da na zo.

Shekara biyar na yi ana koya mini yadda ake jan hankalin yara: waƙa, tafi, wasa, lada. Ba wanda ya taɓa gaya mini cewa hanya mafi sauƙi ita ce a haramta musu darasin. Yaron da ba zai ɗauki fensir don Allah ba, zai yi lissafin rabawa har gumi ya keto masa in ya san laifi ne.

5. Ki yi atisaye

Tsarin shi ne wannan. Da an ji ƙarar makullai daga ƙarshen baranda, bencina su koma layi, murafu su shiga aljihu, a zauna a kan igiya, baki kuma ya kama: bakwai sau ɗaya bakwai, bakwai sau biyu sha huɗu.

Gwajin farko ya ci minti biyu da ɗan yatsan ƙafa guda. Benci kuma yana ƙara kamar ana rushe gini. Wata yarinya ta ce a sa wa ƙafafun bencin safa. Washegari aka kawo tsofaffin safa sun fi sittin, ban tambayi ko ubanninsu sun sani ba. Bayan haka suka gano cewa in 'yan bakin taga suka fara motsawa, na tsakiya ba za su yi karo ba. Suka raba aiki, suka naɗa mai ƙirga lokaci, suka tsige shi saboda yana jan ƙirga a hankali in rukuninsa ne, suka naɗa wani. Cikin mako biyu muka sauko daƙiƙa sha huɗu.

A littattafaina wannan babi guda ne mai dogon suna. Ban taɓa ganin ya yi aiki ba sai da ya zama hanyar ɓoye laifi.

Wani abu ya faru da ban yi niyya ba. Da suka gaji da sau bakwai suka koma sau takwas, sannan tara, sannan sha biyu. Yanzu ko cikin barci aka tashe su sun sani, kuma awonsu ya ƙara sauri saboda haka. Maimaitawa tana da amfaninta. Kada ki gaya wa maƙwabcina na faɗa.

6. Ki cika littafi

Minti sha biyar na ƙarshe na rubutu ne. Kowa ya rubuta abin da ya gano yau, da manyan baƙaƙe, yana tsallake layi ɗaya. A ja jadawali da rula, jadawali na cin shafi. Iyaye suka ga littafi na ƙarewa, hankalinsu ya kwanta.

A mako na bakwai hedimasta ya tsaya a bakin ƙofa muna tsakiyar sau tara, ya gyaɗa kai, ya ce yanzu na zama malama. Maganar ta kai wa Kawu, ta kai wa Umma. Umma ta ce dama ta san turancin ne ya hau mini kai, zai sauka.

7. Ki shirya, yaro zai kai ilimi gida

Nan tsarin ke yoyo, kuma ban san yadda ake toshe shi ba.

Tsinke ta ɗauki tef ɗin awon mahaifiyarta. Ta auna ƙofa, ta auna ƙanenta na goye, ta auna kakarta tana barcin rana. An yi haƙuri da wannan. Sai ranar da wata mata ta kawo ɗinki, Tsinke ta dubi yadin ta ce wa uwarta, a gaban mai kaya, ba zai kai hannun riga ba. Aka auna. Bai kai ba.

Ranar Alhamis tela ta iso ofishin hedimasta, tef a wuya, yarinya a hannu. Aka aiko a kira ni. Matar ba faɗa ta zo yi ba. Ta ce ita dai tana so ta san wanda ke koya wa 'yar shekara takwas awo, don ita sai da ta shekara biyu a shagon wani tana ɗinka maɓalli kafin a bari ta taɓa tef.

Hedimasta ya sunkuya ya tambayi yarinyar wa ya koya mata. Tsinke ta dube ni, ta dubi ƙasa.

"Wallahi ba a koya mana komai," ta ce. "Maimaitawa kawai muke yi."

Uwar ta kama mata kunne. "Ni za ki yi wa rantsuwar ƙarya? A gaban malamanki?"

Yarinyar ta dage a kan ba a koya musu komai, ƙwalla na zuba, tana kare ni da iyakar ƙarfinta. Shawarata ta ƙwararriya ita ce ki yi shiru a wannan gaɓar. Saura mako huɗu zango ya ƙare, kunne kuma yana warkewa.

Ni ban bi shawarar ba. Na ce a sake ta, ni ce. Na faɗi komai: rukuni, igiya, safa, makullai, daƙiƙa sha huɗu.

8. Kada ki ɗauka ke kaɗai ce mai wayo

Da tela ta tafi, hedimasta ya zauna ya daɗe yana kallona kamar wanda aka ɓata wa aiki.

"Malama," ya ce, "kin taɓa ganin mutum mai aljihu yana yawo yana kaɗa makulli?"

Ashe tun kafin a kawo safa ya sani. Ya ce shi aikinsa ya gaya wa mai makaranta abin da kunnensa ya ji, kuma kunnensa karatu yake ji, sau uku a rana. Bai taɓa cewa in daina ba, cewa ya yi bai ji karatu ba, kuma ya ɗauka na fahimta. Yanzu na faɗa da bakina a gaban tela, wato a gaban unguwa duka, dole ya kai magana gaba. Ya ce wannan ita ce matsalar waɗanda suka yi karatu da nisa, komai sai sun faɗa.

Litinin da safe Kawu ya zo, aka kira ni ofis. Teburin nan yana inda yake, an ma goge masa ƙura. Kawu ya ce tun Juma'a wayarsa ba ta huta ba. Iyaye huɗu na so a fitar da 'ya'yansu daga ajina, bakwai na so a shigar da nasu. Ya ce shi bai yi karatu a waje ba, amma ya san wanda ya fi yawa. Aji nawa ne. In juya benci yadda na ga dama, ba sai na ɓoye ba. Sharaɗi uku: littafi ya ci gaba da cika, in riƙa gaida Malam Maimaita kamar yadda ake gaida babba, kuma in gaya wa yayarsa ta daina kiran sa.

Gargaɗi

Na yi alkawarin ba za a kama ki ba, ni kuma an kama ni. Ki ɗauki sauran alkawuran da wannan ma'auni. Ba ruwana in mijin wata ya nemi safarsa ya rasa, ko aka auna wata tsohuwa ba da saninta ba. In hedimastanki ba ya kaɗa makulli, ko mai makarantar ba kawunki ba ne, ban san ki ba, ban taɓa ba ki shawara ba.

Da na koma aji na tarar da su a layi, hannuwa a kan benci, ba mai motsi. Na fara da abin da ya fi muhimmanci: daga yau ba wanda zai sake yin ƙarya saboda ni, duk wanda ya tambaye su abin da muke yi su faɗa masa. Tsinke ta ɗaga hannu.

"Anti, an kore ki?"

Na ce a'a.

"To har yanzu an hana mu?"

Duk suka zuba mini ido, wasu har sun zura hannu aljihu. Na san kamannin darasin da aka halatta. Na zauna cikin irinsa shekara da shekaru ina hamma.

Na leƙa baranda, na duba dama, na duba hagu, na jawo ƙofa na rufe a hankali yadda ba za ta yi ƙara ba. Kafin in juyo bencina sun fara tafiya a bayana.

Za su ji an ba mu izini ranar da za su shiga aji huɗu, ba kafin nan ba.