Takun da Na Ƙaga wa Abba

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta matan Rogo Sabon Gari ba za su bar ni ba, ranar da na durƙusa a tsakar gidan surukaina da tsokar nama a hannu, ina roƙon yaro ɗan wata goma sha takwas ya rufa min asiri.

Abba shi ne ɗana na fari. Komai nasa a makare ya zo. Zama sai da ya yi wata takwas, shi ma sai na sa shi a baho na tokare shi da tsummokara ta ko'ina. Rarrafe kuwa bai yi ba sam, sai dai ya ja gindi, ƙafa ɗaya a miƙe ɗaya a lanƙwashe, yana share min tsakar gida da wandonsa. Ya shekara, ya ƙara wata biyu, ya ƙara uku, ko tsayuwa ba ya yi sai ya dafa gado. Ya ɗan jima ƙafafun suna rawa, ya koma ya zauna daɓas.

Tsoro na ji, ba zan ɓoye muku ba. In ina wanki na hango 'ya'yan maƙwabta suna guje-guje, sai hannuna ya mutu a cikin ruwan. In fa shi ke nan? In haka zai girma yana jan ƙasa? Ga shi ba wanda zan faɗa wa. Duk wadda ta tashi a wajenmu ta san ɗan fari ba a nuna an damu da shi. Ba kya kiran sunansa a gaban manya, ba kya yi masa wasa, in ya faɗi a gaban surukarki ki kau da kai kamar ɗan baƙi ne. Maigidana malamin firamare ne a nan Karaye, shi ma kunyar ce ta ɗaure shi. In na yi masa zancen sai ya dubi bango ya ce, "Lokacinsa ne bai yi ba." (Mutumin da yake yini a kan 'ya'yan mutane cike da aji, nasa guda ɗaya ya kasa kallonsa.)

Sai na samo dabara, irin wadda sai wawa mai ganin kansa da wayo yake samowa. Na koma goyo. Daka a goye, shara a goye, gidan suna a goye. Yaron da ke baya ai ba wanda zai ga ba ya tafiya. In aka ce, "Sauke shi mana ya sha iska," sai in ce barci yake ji, ko in ce ƙiwa gare shi. Wata biyar cur muna haka. Ƙuguna ya riƙe, kafaɗuna suka sage, shi kuwa gogan ya yi ɓul-ɓul abinsa.

Ana nan wata rana Hadiza, ƙanwar maigidana da ke aure a Rogo, ta kira ni a waya. 'Yarta Ummi, Abba ya girme ta da wata uku, amma tun ba ta shekara ba take tafiya.

"Matar yaya, wai har yanzu mutumin naku yana zaune? Ummi fa jiya sai a bakin zaure aka kamo ta." Ta yi dariya, ta ƙara da cewa, "Ko dai ciki ya sha kuke ɓoye mana?"

Wato wai wani cikin na samu ina shayarwa, nonon ya kashe masa ƙafa. Wasa take, na sani, irin na ƙanwar miji. Amma ban san lokacin da bakina ya ce, "Ai ya fara takawa" ba. Da a nan na tsaya da sauƙi. Ina! Sai da na ce shekaranjiya daga bakin gado ya taka har ƙofa, ya faɗi, ya yi dariya, ya sake miƙewa. Abin takaicin, ina faɗa ina jin daɗi, har ina ganin abin a idona. Duk wannan yana bayana yana tsotsar bakin zanin goyo.

Na ajiye wayar ke nan na tuna saura mako uku bikin ƙanin maigidana a Rogo. Ban gaya wa maigidan ɓarnar da na yi ba. Na sa kafinta ya yi min keken koyon tafiya, na katakon nan mai ƙafa uku, na rufe ƙofa kullum ina ɗora hannunsa a kai. Ya zauna ya rungume keken yana gwaguyar mariƙin. Na yi lallashi, na yi tsawa, na yi addu'a. Ranar biki ta zo, na goya shi muka hau mota.

Gidan ya cika maƙil da mata, ga tukwanen shinkafa a kan murhu, ga masu kiɗan ƙwarya a gindin darbejiya. Na shiga na durƙusa na gaishe da Inna, surukata, kaina a ƙasa. Ba ta ko gama amsawa ba ta miƙo hannu.

"Sauko min da mijina. An ce ya zama namiji, har yawo yake."

"Barci yake ji, Inna."

"Wane barci, ga idonsa nan tar? Ranar da Hadiza ta gaya min sai da na toya waina na rabar sadaka."

Sadaka! A kan ƙaryata tsohuwa ta jiƙa shinkafarta ta yini a bakin tanda. Ban gama haɗiye wannan ba ta zaro wata leda daga ƙarƙashin filo. Takalmi ne ɗan ja, irin mai tsuwwar nan in yaro ya taka. Ta sa masa da hannunta, ta ɗauke shi ta fita tsakar gida tana cewa, "Ku ba da hanya, ku zo ku ga angona."

Ni kuwa uwar ɗan fari, ba hurumina ba ne in tsaya kallo. Na je wajen wanke-wanke na juya baya, na kama kwano ɗaya ina ta cuɗa. Idona a kan kumfa, amma kunnena gaba ɗaya yana can. Ina jin Inna tana tafi tana cewa, "Tata, tata, mijina." Shiru. Ta sake. Shiru. Ina roƙon Allah a zuci, ko taku ɗaya ne, ko rabi.

Can sai na ji tsuwwa. Na ji ta biyu, ta uku, ta huɗu, a jere da sauri. Wallahi na saki kwanon, na miƙe na ce "Alhamdu lillahi!" da ƙarfin da har masu kiɗa suka waiwayo. Na juya. Abba na zaune dirshan a ƙasa, ya tuɓe takalmi ɗaya yana buga shi da tabarma.

Wata tsohuwa, gwaggon maigidana, ta sunkuya ta miƙar da shi, ta sake shi, ya sulale. Ta kama tafin ƙafarsa ta shafa ta ce, "Wannan ƙafar ai ba ta san ƙasa ba." Hadiza ta ce, "Wallahi uwarsa ce ta gaya min da bakinta." Duk idon da ke gidan ya dawo kaina.

Mai hankali da sai ta sunkuyar da kai ta shige ɗaki. Ni fa? Na wafci tsoka a farantin wata baƙuwa, na ratsa mata, na durƙusa a gabansa da sabon leshina a cikin ruwan wanke-wanken da ya kwanta a wurin. A gaban surukata, a gaban gwaggonni, na kira sunan ɗan farina da bakina.

"Abba, zo. Don Allah, Abba, tashi. Taku ɗaya kawai, ka taimake ni."

Hawaye na zuba, majina na zuba. Ya dube ni, ya dubi naman. Ya gyara zama, ya ja gindi sannu a hankali har gabana, ya karɓe tsokar ya sa a baki.

Ba wadda ta yi dariya, kuma wallahi da sun yi da ya fi min sauƙi. Kiɗan ma ya tsaya. Na ji wata a baya tana cewa, "Ikon Allah, 'ya'yan zamani."

Inna ce ta kama hannuna ta kai ni ɗaki. Ba ta yi zancen ƙaryar ba, ba ta yi na wainar ba. Ta mammatsa gwiwoyin Abba ta ce, "Ke 'yar nan, yaushe rabon da ki ajiye yaron nan a ƙasa ya yini?" Na faɗa mata gaskiya. Ta yi salati ta riƙe haɓa.

"To da bayanki zai taka? Kin ɓoye shi don kar a ce ba ya tafiya, kin hana shi wurin koyon tafiyar."

Washegari muka kai shi asibiti da ita. Ma'aikaciyar ta duba ta ce ba ta ga komai ba tukuna, a bar shi a ƙasa, in bai taka ba nan da wata biyu a dawo da shi. Wannan "tukuna" ɗin ya tsaya min a rai. A hanyar dawowa Inna ta yanke hukunci: ya isa yaye, a wajenta zai zauna. Ba ni da bakin musu, na riga na cinye nawa.

Na koma Karaye baya ba kowa. Nono ya cika ya yi tauri, zazzaɓi ya rufe ni, in na sunkuya shara sai in kai hannu baya in tare kan da ba ya nan. Maigidan ya ji labarin tun a wajen ɗaurin aure, ya ci gaba da kallon bangonsa. Ba na iya kira in tambayi lafiyar Abba, don ba a yi. Kullum ina lissafin wata biyun nan, ina shirya yadda zan rayu in aka ce shi ke nan.

A mako na bakwai Hadiza ta kira, ta miƙa wa Inna wayar. "Mijina ya taka," in ji ta. "Wannan karon a gabana aka yi." Na ce, "To Inna, Allah ya raya," kamar labarin ɗan wata mata ake ba ni. Na ajiye wayar na zauna a bakin murhu na yi kukan da ban san na mene ne ba.

Da muka je ɗauko shi, yana tsaye a tsakar gida, ya rame, ya yi duhu, ƙafarsa duk ƙasa. Na daure na gaishe da kowa, sannan na saci jiki na miƙa masa hannu. Ya ƙura min ido kamar yana tunanin inda ya san ni. Sai ya juya, ya taka, dagwas-dagwas, har wajen Inna, ya ɓuya a bayan zaninta yana leƙena. Tafiyarsa ta farko da na gani da idona ke nan, kuma guduna yake.

Darasin da na ɗauka bai taka kara ya karya ba. Yaro dai a ƙasa yake koyon tafiya, kowa ya san wannan ban da ni. Sai kuma in za ki yi roƙo, ki yi shi cikakke. Wata da watanni ina roƙon Allah ya ba yaron nan ƙafa, ko sau ɗaya ban tuna na ce ta nufo wajena ba.