Akuyar da Ke Cikin Waƙar Tsoho

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Wurno ba, ko da na so in manta, don surukaina ba za su bari ba. Duk sallah sai an tayar da zancen, har yaran da ba a haifa ba a lokacin sun haddace shi.

Bari in fara da aibina. Ni mutum ne mai ra'ayi, kuma ra'ayin nawa ba ya kwana a ciki. Malamin firamare ne ni a Goronyo, amma in ka tambayi 'yan majalisarmu ta wurin Ila mai shayi, za su ce maka babban aikina shi ne gadin waƙoƙin Tsoho. Tsoho wani makaɗin noma ne na yankinmu da ya rasu tun ina rarrafe (sunansa na yanka ya ɓace, kowa Tsoho yake ce masa). Kaset ɗinsa shida na gada wurin mahaifina, tare da wata rakoda da ba ta juyawa sai an ɗaure murfinta da roba. In zaren kaset ya fito, da bairo nake naɗe shi, kuma wanda duk ya yi tari a lokacin sai mun ɓata.

Ana nan sai wasu samari masu situdiyo a Sakkwato suka samo tsofaffin kasakasan, suka wanke su da kwamfuta. Suka cire shuuu ɗin nan da ke bin bayan kiɗa, suka ƙara wa ganga nauyi, suka ɗan yayyafa fiyano, suka saki a waya. Kafin mako ya zagayo, babu ɗan kabu-kabun da ba ya yawo da Tsoho a aljihu, daga Goronyo har Rabah.

Nan fa majalisa ta rabu biyu. Abokina Bashar, dillalin albasa, ya ce, "Ni sai yanzu nij ji abin da bawan Allahn nan ka hwaɗi. Da can awa ana ruwa bisa kwano." Ila mai shayi ya ce shi dai tunda ganga tana bugawa har kofuna su motsa a kan tebur, an gama da shi. Malam Ummaru tela, wanda ke ɓangarena, ya ce fiyano a kiɗan noma daidai yake da sukari a miyar kuka. Ni kuwa ni ne limamin masu adawa. Na ce shuuu ɗin da suka cire shi ne ƙanzon waƙar, wanda bai san daɗin ƙanzo ba kuwa bai san tuwo ba.

Amma babban abin da ya tsaya mini a rai yana cikin waƙarsa ta manoman fadama. A sabon gyaran, in 'yan amshi suka ɗauka, sai wata siririyar murya ta haye saman sauran, ta yi sama, ta yi rawa a ƙarshe. Na saurari kaset ɗin nan fiye da yadda na saurari shugaban makarantarmu, ban taɓa jin ta ba. Saboda haka na yanke hukunci, ba tare da na tambayi kowa ba, cewa yaran situdiyo ne suka cusa ta. Na raɗa mata suna akuya. Da an zo wurin sai in ɗaga yatsa in ce, "To, ga akuyar nan ta shigo."

A daidai wannan lokacin nake neman auren Saratu, ma'aikaciyar jinya 'yar Wurno. Mun daidaita da ita, mahaifinta ma bai ƙi ba, amma a gidansu magana ba ta zama magana sai kakanta Alhaji Mu'azu ya sa baki. An ce akwai wani mai mota da ya taɓa zuwa neman yayarta, tsohon ya dube shi sau ɗaya ya ce bai yi masa ba, kuma shi ke nan. Sai aka shirya in je ɗaurin auren wanta, a gabatar da ni wurinsa bayan la'asar, ya gan ni in gan shi.

Ana gobe biki Saratu ta kira ni a waya. Ta ce, "Malam, Kaka hwa shina son waƙar Tsoho ƙwarai. Amma akwai abin da ya kamata ka sani..."

Na katse ta. "Ni za ki ba labarin Tsoho? Bar ni da shi, faɗuwa ce ta zo daidai da zama."

Sai ta ce, "To, Allah shi kai mu." (Yanzu da na san ta sosai, na gane wannan "to" ɗin ba na alheri ba ne.)

Muka hau babur ni da Bashar, na sha babbar riga mai sitaci, hula ta zauna daram. Bayan an ɗaura aure an ci shinkafa, aka kai mu ƙarƙashin rumfar da aka kafa a ƙofar gida, inda dattawa suke kan tabarmi. Alhaji Mu'azu ɗan siririn tsoho ne mai farin gemu, manomin albasa, da carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe shi, kaina a ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Kai na za ka amshe man mata?" Aka yi dariya. Kun san wasan kaka da jika, jikanya matarsa ce, mai nemanta kuwa abokin takara. Wannan wasan shi ya cuce ni. Maimakon in ci gaba da sunkuyar da kai kamar kowane mai neman aure, sai na ji kamar an ba ni lasin magana.

Can gefe mai na'urar kiɗa ya saki waƙar manoman fadama, sabon gyara. Ganga ta cika unguwa. Na saci kallon tsohon, sai na ga ya daina jan carbi. Da amshi ya zo, siririyar muryar nan ta haye sama, sai na ga idonsa ya kawo ruwa, har ya sa bakin rawani ya share.

Zuciyata ta yi fari. Na ce a raina, Allahu akbar, ga ɗan'uwana, baƙin cikin ɓata waƙar ne ya sa shi hawaye. Yau zan shiga ransa in yi kane-kane.

Na gyara zama na ce, "Alhaji, wallahi na san abin da kake ji. Nima abin yana ci mini rai."

Ya juyo ya ce, "Mi ka ci maka rai?"

Bashar ya taɓa ni da gwiwa. Na ture shi.

Na ce, "Yadda yaran nan suka lalata waƙar Tsoho mana. Fiyanon ma a bar shi, a ce ƙuruciya ce. Amma wannan murya da suka cusa a cikin amshi? Shekara ashirin ina jin kaset ɗin nan, babu ita. Ko dai kwamfuta ce, ko kuma wani ɗan'uwansu suka ɗauko wanda bai taɓa riƙe garma ba. Ka ji ta fa, Alhaji, kamar akuyar da aka ɗaure aka tafi da 'ya'yanta kasuwa. Mu a Goronyo akuya muke ce mata."

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Ban tsaya ba. Amshi ya sake zagayowa, na ɗaga yatsa na ce ga ta nan, sannan ni, malamin makaranta, cikin babbar riga, a gaban mahaifin Saratu da baffanninta, na kwaikwayi kukan akuya. Har da rawar muryar ƙarshe.

Mahaifin Saratu ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Wani baffanta ya toshe baki da hannun riga. Bashar kuwa ya matsa gefe, kamar bai taɓa ganina ba.

Alhaji Mu'azu ya ajiye carbinsa a kan cinya, ya ce cikin natsuwa, "Ɗana, akuyar da kaka hwaɗi, ni na."

Na ce, "Na'am?"

Ya ce, "Ni na. Muryata ta."

Jama'a, na sha jin ana cewa mutum ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ranar na duba ƙasar sosai, ta ƙi. Gumi ya jiƙa sitacin rigata, hular da ta zauna daram ta fara yi mini nauyi. Abin da ke yawo a kaina guda ne, shi ke nan, Saratu ta tafi, kuma ba wani mai mota ne ya ƙwace ta ba, bakina ne.

Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya ba da labari, kuma kowa ya saurara duk da cewa 'yan gidan sun san shi. Yana saurayi ya yi shekara uku cikin 'yan amshin Tsoho, kafin ya bari ya koma gona. Ranar da aka ɗauki waƙar a wani zaure a Rabah, rakoda ɗaya ce, aka ajiye ta gaban Tsoho. Shi Alhaji Mu'azu shi ne ƙarami a cikin 'yan amshi, sai aka tura shi can baya bakin ƙofa. Da kaset ya fito, kowa ya ji kansa ban da shi. Fiye da shekara arba'in yana gaya wa iyalinsa cewa yana cikin waƙar nan, su kasa kunne, ba su jin komai sai shuuu. Matarsa Hajiya har ta rasu tana tsokanarsa cewa ɗaukar ganga kawai ya yi.

Ya ce, "Sai bana jikokina sunka sa man ita ga waya, nij ji kaina. Kwana ukku ina kuka ina dariya. Yau kuma ga baƙo daga Goronyo ya zo ya ba ni sarautar awaki."

Na buɗe baki in ba da haƙuri, abin da ya fito kawai shi ne, "Alhaji... akuya ai dabba ce mai albarka." (Har yau ban san daga ina wannan ta fito ba.)

Nan rumfa ta fashe. Baffan da ya toshe baki ya kwanta a kan tabarma. Shi kansa tsohon ya yi dariya har yana tari. Da ya lafa sai ya ce, "To, tunda kai ka gadin waƙar, tashi. A maido ta hwarko. Ni da kai za mu yi amshi, jama'a su yi alƙalanci."

Ba ni da murya. A makaranta ma in ana waƙar taro, baki kawai nake motsawa. Amma wanda ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na miƙe, aka sako waƙar, muka ɗauka tare. Muryar tsohon ta tsufa, amma da ta yi sama ta yi rawar nan a ƙarshe, babu mai musu, ita ce. Tawa kuwa ta bi ta wata hanya daban, ba ta haɗu da kiɗan ba ko sau ɗaya. Mata suka leƙo ta zaure suna guɗa, na hango Saratu a bayansu ta rufe fuska da gyale, kafaɗunta suna rawa.

Da aka gama, Alhaji Mu'azu ya share ido ya dubi mahaifin Saratu ya ce, "In ni akuya na, to ga jaki Allah ya kawo muna gida. Ku riƙe shi. Mai hwaɗin abin da ag ga ransa, ko da wauta ta, ba ya cin amana."

Sai da muka kusa Goronyo Bashar ya fahimtar da ni cewa wannan jakin da aka kira ni, shi ne an ba ni mata.

Da na isa gida na ɗauko tsohon kaset, na ƙure ƙarar rakoda, na manna kunnena a jikinta. Amshi ya zo. Can ƙasa, a bayan shuuu ɗin da nake ta kirari da shi, ga muryar nan, 'yar siririya, tana yin sama tana rawa. Duk shekara ashirin ɗin da na yi ina jin kaset ɗin, tana wurin. Ni ne ban taɓa yin shiru na saurara ba.

Mako biyu bayan aurenmu na ɗaura rakodar a bayan babur na kai wa Alhaji Mu'azu Wurno. Ya ce in riƙe abina, shi ba ya ciki. Na ce, "Kana ciki, Kaka, matso da kunne." Ya manna kunnensa, na riƙe masa robar murfin. Da wurin ya zo sai ya kama hannuna ya matse. Sannan ya ce, "Ashe tun can ina nan. Da Hajiya ta matso kusa, da ta ji ni."

Har gobe ina nan kan bakana cewa fiyanon nan bai dace ba, kuma ina faɗa a majalisa. Sai dai yanzu kafin in zagi wata murya a waƙa, nakan duba tabarma tukuna, ko mai ita yana zaune. In kuma Saratu ta ce akwai abin da ya kamata in sani, ajiye cokali nake yi in saurara har ta kai aya.