Yadda Ake Riƙe Ƙatuwar Jif da Ƙaramin Albashi

Kai da kake tsayawa a bakin titi kana haɗiyar yawu duk lokacin da wata ƙatuwar jif ta wuce, goge bakinka ka matso. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, za ka hau irin motar nan mai baƙin gilashi da kujerun fata, wadda sai an taka matakala ake shigarta, kuma sunanka ne zai fito a takardunta. Ni ko babur ban taɓa saya ba, amma kada wannan ya dame ka. A gida na yi karatun. Mijin yayata ne ya bi hanyar daga farko har ƙarshe, ina gefe ina kallo. Ma'aikaci ne a wani kamfanin sayar da fenti, teburinsa na jikin ƙofar banɗaki, amma tun ranar da ya fara ɗaura lakataye muke kiransa Manaja, shi kuma bai taɓa gyara mana ba.

Mataki na 1: Ka tsani motar da kake da ita

Manaja yana da wata 'yar ƙaramar mota da ba ta taɓa kwana a gareji ba. Ita ke kai yara makaranta, ta sauke Yaya a shagonta na ɗinki, ta wuce da shi ofis. Wata rana danja ta tsayar da shi, sai wata jif ta tsaya gefensa. Gilashi ya sauka, ashe wani abokin karatunsa ne. Ya leƙo daga sama ya ce, “Kai ne a ƙasa haka?” Danja ta saki, ya wuce.

Daga ranar Manaja ya fara jin ƙara a injin da ba ya ƙara. Kai ma ka nemi irin wannan abokin. In ba ka da shi, surukinka ma ya isa.

Mataki na 2: Ka saya daga hannun wanda ya fi ka wayo

Sabuwa ba taka ba ce, kada mu yaudari juna. Ta hannu za ka nema, wadda wani attajiri ya gama shan daɗinta. Ka sayar da ƙaramar, ka je banki su cika maka, ka sa hannu a duk inda suka nuna ba tare da ka karanta ba. Karatu na masu shakka ne.

Kada ka je da makanike. Kada ka tambayi dalilin da ya sa mai kuɗi yake neman rabuwa da ita. Abin da za ka tambaya shi ne aikin maɓallan da ke jikin sitiyari. Dillalin da ya sayar wa Manaja ya dafa ƙirji ya ce, “Yallaɓai, motar nan ba ta san rami ba. Kai dai ka zauna ka ji. Ai kamar don kai aka ƙera ta.” Ba a taɓa ce wa Manaja yallaɓai ba sai ranar. Wannan kalmar ce ya saya, motar gyara aka yi masa.

Da ya kawo ta gida Yaya ta zagaya ta sau ɗaya ta ce, “Baban yara, man fa?”

Ya ce, “Ana maganar daraja, ke kina maganar mai.”

Haddace wannan amsar. Za ka daɗe kana amfani da ita.

Mataki na 3: Ka faɗaɗa ƙofar gidan da ba naka ba

Za ka tarar get ɗin gidan hayarku ya yi mata kaɗan. Kada ka karaya. Kira magini ya rushe gefen katanga, a sa sabon get, duk daga aljihunka. Mai gidan da Manaja ke haya ya zo yana faɗa, amma da ya ga motar sai ya sauko. Ya shafa bayanta, ya leƙa ciki, ya yi murmushi ya ce, “Allah ya sanya alheri. Ashe buɗi ya samu, ba a gaya mana ba.” Da shekara ta zagayo ya ƙara kuɗin haya, ya kuma yi godiyar get.

Mataki na 4: Ka koyi magana ƙasa-ƙasa a gidan mai

Tankin motar nan rijiya ce. Ran farko ka ce a cika, da ƙarfi, yadda na layin baya za su ji. Ba za ka ƙara faɗin wannan kalmar ba, don haka ka more ta.

Daga nan sai dabara. Ka sauke gilashi kaɗan, ka yafito mai zuba man, ka raɗa masa abin da za ka iya. Zai zuba, allurar ba za ta motsa ba. Kada ka dubi fuskarsa.

Na'urar sanyi tana shan mai, kashe ta. Amma kada ka kuskura ka buɗe gilashi, domin mai jif ba ya shan iskar talakawa. Manaja yakan isa ofis rigarsa ta manne da bayansa, ya zauna cikin motar yana fifita da fayil har gumin ya tsane, sannan ya fito yana kaɗa makulli. Wannan shi ake kira juriya.

Mataki na 5: Ka karɓi arzikin da mutane suka ɗora maka

Yanzu kai mai kuɗi ne, ko ka yarda ko ba ka yarda ba. Kawunka zai tuna da kai. Ɗan gwaggonka da ba ku gaisawa zai kira ya tambayi lafiyar yara da sunayensu. Mai kayan miya zai hango ka daga nesa ya gyara farashi. Mai faci zai ce tayar manya kuɗinta na manya ne. In ka ce babu, za a ce arziki ya canza ka.

Manaja ya daɗe yana jiran ƙarin albashi. Ranar da ya shiga ya tuna wa shugabansu, mutumin ya tashi ya ɗaga labulen taga, ya dubi wajen ajiye motoci ya ce, “Waccan ba taka ba ce?”

“Tawa ce, ranka ya daɗe.”

“To ai ni ya kamata in zo wajenka neman ƙari.”

Ba a yi masa ƙarin ba. Abin da aka yi shi ne an turo masu bincike suka duba duk takardun da suka bi ta teburinsa. Ba su samu komai ba, sun dai tafi suna mamaki.

Mataki na 6: In fitila ta kama a gaban direba, ka rufe ta da hula

Wata 'yar fitila za ta kama, ruwan goro. Ɗora hularka a kai ka ci gaba da tuƙi. Ta biyu za ta biyo. Manaja ya yi haka har wata safiya ya fito ya tarar motar ta durƙusa ta gefe ɗaya kamar raƙumi mai jiran kaya.

Tsohon makanikensa ya zo, ya buɗe gaba, ya rufe, ya ce, “Wannan ba da sifana ake yi mata magana ba, sai masu kwamfuta.” Masu kwamfuta suna da ɗakin jira mai sanyi da ruwan gora, kuma duk kana biya. Suka ce abin da ke ɗaga ta ne ya fashe, babu shi a kasuwa, sai an yi oda daga waje. Suka ƙara da cewa tayoyin ma sun gama aiki, kuma ba a canza ɗaya a bar sauran.

A nan masu raunin zuciya suke ja da baya. Kai kada ka ja.

Mataki na 7: Ka duba cikin gida, akwai abin sayarwa

Banki na cire nasa kafin albashi ya iso hannunka, dangi kuwa sun san kai ne mai bayarwa. Motar ta tashi, amma bashin gyaranta na kanka. Saura gida.

Yaya tana da wani keken sirfani mai amfani da lantarki. Da guminta ta saye shi, kuma shi ke biyan kuɗin makarantar yara tun da jif ta shigo gidan. Wata safiya ta buɗe shago ta tarar babu shi, sai sawun ƙafafunsa a kan siminti, ga ɗinkin mutane jibge a kan benci. Maƙwabcin shagonta ya ce maigidanta ne ya zo da makulli da masu ɗauka, ya ce gyara za a kai shi.

Ba ta yi ihu ba. Ta koma gida ta same shi yana goge gilashin motar.

“Ina kekena?”

“Aro na yi, Maman yara. Da zarar abubuwa sun daidaita zan saya miki wanda ya fi shi.”

“Ka tambaye ni?”

“Da na tambaye ki ai ba za ki yarda ba.”

“Ashe ka sani.”

Ta shiga ta haɗa kayanta da na yara. Ganin da gaske take, sai ya buɗe mata ƙofar bayan motar ya ce ta bari aƙalla ya kai ta. Ta ce, “Bar manka, za ka buƙace shi.” Ta tare tasi. Ƙofata tasin ya tsaya. Ta ce, “Auta, matsar da kujerun falonka.”

Mataki na 8: In motar ta ƙi sayuwa, ka zama direbanta

Yanzu za ka so ka sayar. Koma wajen dillalin nan. Da Manaja ya je, mutumin ko tashi bai yi ba. Ya ce, “Malam, wa zai sayi wannan bala'in a wannan zamani? Ai shan mai take kamar ana binta bashi.” Abin da ya taya bai kai sauran kuɗin banki ba.

Sai Manaja ya shiga ba da ita haya a ƙarshen mako, ga masu son a gan su a wajen taro. Tun da ba ya yarda kowa ya taɓa sitiyarin, shi yake tuƙawa. Kwanan baya wani ya yi hayarta ta waya don zuwa liyafa a otal. Da Manaja ya je ɗaukarsa sai ya ga ƙaramin akawun ofishinsu ne, wanda yake aika ya kwafo masa takardu. Akawun ya shige baya ya harɗe ƙafa ya ce a kunna sanyi. A ƙofar otal mai gadi ya ruga ya buɗe wa akawu ƙofa har da rusunawa, sannan ya buga gilashin gaba ya ce, “Direba, zagaya baya, nan wajen baƙi ne.”

Manaja ya zagaya.

Yaya tana nan a falona da keken da ta karɓo haya, ta biya mutanen da ɗinkinsu ya makara da haƙuri da ragi. Manaja yakan zo gaishe da yara, ya ajiye motar a bakin titi saboda lungunmu ba ya ɗaukarta, ya tako da ƙafa. Ta gaya masa magana ɗaya ce: ranar da keke ya dawo shago, ita ma za ta dawo gida. Watan jiya ya samu kuɗin da zai fanso shi daga wanda ya sayar wa. Ya sayi tayoyi.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ya yi alkawarin za ka hau jif, bai yi alkawarin za ka ci abinci ba. Duk abin da ya biyo baya, na banki ko na mai gida ko na makanike, tsakaninka da su ne, ba da yawuna ba. Ba na ba da rance, ba na tura mota, ba na zuwa biko. In kuma matarka ta haɗa kaya, ka tabbatar tana da nata ƙanin, domin ni falona ya cika, a kicin nake kwana.