Murmushi a Bakin Injin Niƙa

"Lahiya lau, mijin banza. Ina Makau?"

Haka Inna Sahura ta katse wa jikanta Nuraddeen gaisuwa, ta dire ƙwaryar dawa a ƙofar injin niƙansa da ke bakin kasuwar Bukkuyum. Ta riga ta ji labari. Tun da ya dawo daga wata bitar 'yan kasuwa a Gusau ya sallami Makau, wanda ya shekara tara yana riƙe da injin, wai ba shi da fara'a. Ya ɗauko wani Dalhatu, ga shi can yana ta washe mata haƙora.

"Na sallame shi, uwargida," in ji Nuraddeen. "An koya muna a bita: ka ɗauki mai kyan hali, aiki ya koya daga baya."

"A kan dawar wa zai koya? Jiya niƙa na kawo, tsaki ya maido min. Tuwon da na tuƙa, da shi na jefi akuyar maƙwabta, har yau ɗingishi take."

"Haƙoranki ne suka yi ritaya, kada ki ɗora wa ma'aikacina. Ba ki ji tarbar da ya yi miki ba? Har da barka da zuwa, Hajiya."

"Awo, na ji. Ni da ban taɓa wuce Gummi ba ya kai ni Makka. Wanda ya yi min ƙari a suna, mi zai hana shi yi min ragi a mudu?"

"Tsohuwa, shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma."

"Ta fi. Sai dai ba a tuƙa ta a ci da miya."

Nuraddeen ya gyara hula. "Shekara tara ban ga haƙorin Makau ba. Yara tsoronsa suke ji."

"Mutum na tsaye cikin ƙurar gari tun safe. In ya buɗe baki yana dariya, rabin hatsin mutane cikinsa zai tafi. Rufe bakin nan amana ce. Kai ka taɓa ce masa sannu? Ka taɓa saya masa ko ƙyallen rufe hanci? Laifi tudu ne. Wagga fuska taka kamar hadarin gabas, ranar sunanka ma sai da wanzami ya nemi tsari."

"Ai ke na gado."

"Da ka gaje ni da ka yi hankali." Ta sassauta murya, don abin ya tsaya mata a rai. "Makau ɗiya shida gare shi, Nuraddeen. Kuma matan unguwarmu sun gama shawara, daga gobe injin Haladu za su."

Bai kai ga amsa ba injin ya yi wata irin ƙara, ya yi tari sau biyu, ya mutu. Dalhatu ya leƙo, fuska fal annuri.

"Maigida, albishirinka. Bel ɗin da ke juya injin ya tsinke."

Nuraddeen ya dube shi, ya dubi kakarsa, sai dariya ta ƙwace masa. Ya laluba aljihu ya miƙa mata goro biyu manya.

"Kin ci gari, uwargida. Ki taimaka ki je ki ba Makau haƙuri."

Ta ƙulle goron a bakin zane, ta ɗauki ƙwaryarta.

"Goro na karɓa. Biko kuwa, wanda ya yi saki shi ka zuwa."