Yadda Alhaji Haladu Ya Mai da Lu'ulu'un Gulbi Na Teku

"Duk ƙasar Zamfara, daga Gummi har Jangeru, babu wanda yas san teku kamar ni. Na gane ta da idona, na taɓa ta, na sha ta. In kunka ji wani yana zancen teku a Ƙaura, to bakina yas saurara."

Karatun Alhaji Haladu ke nan kullum bayan la'asar, a gindin dalbejiyar da ke bakin tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda. Bari in faɗa maka iyakar tekun da ya sani, don kada ya ruɗe ka kamar yadda ya ruɗi wasu. Yana saurayi ya taɓa bin taragon shanu zuwa Ikko, ya je bakin ruwa ya tsoma ƙafa, igiyar ruwa ta zo ta ɗauke masa takalmi ɗaya, ya dawo gida yana ɗingishi da ɗayan. Shi ke nan fa. Amma tun daga ranar, ko kifin gwangwani aka buɗe a unguwa sai ya zo ya yi bayani. A gabansa 'yan majalisar gindin dalbejiyar suna ce masa Kyaftin, in ya ba da baya su ce Kwaɗon Tasha ya tafi.

To, akwai ɗan yayarsa Muhtari, malamin firamare a Sakajiki, yaro mai sanyi kamar ruwan randa. Muhtari yana neman Yusra, 'yar wani babban malami a Zurmi, kuma suna son juna, har an sa rana. Shekarar ce aka ƙaddamar da shari'a, aka daina kiɗa a biki, aka yi ta wa'azin a rage lefe, gidan malamai kuwa su ne kan gaba wajen ragewa. Suka ce akwati ɗaya ya isa. Sai dai kakar yarinyar, Hajiya Maryamu, wadda ta goya ta tun tana tsumma, ta kafa sharaɗi guda: ta yarda da akwati ɗaya, amma dole a ciki a sami sarƙar lu'ulu'u irin wadda ta gani a wuyan mata a Makka. In babu, a mayar da akwatin inda ya fito, a nemi wata. Kuma a gidan nan maganar Hajiya ba ta faɗuwa ƙasa.

Muhtari ya sayar da bijimin da ya daɗe yana kiwo, ya zo wurin kawunsa neman shawara. Kuskurensa ke nan, bawan Allah.

"Lu'ulu'u?" in ji Haladu, yana gyara hula. "Kai yaro, ka zaka inda ya kamata. Lu'ulu'u ɗan teku na, ni ko ubangidan teku. Ran Alhamis mu tahi Shinkahi."

Suka shiga mota. Tun daga Ƙaura har Shinkafi Haladu yana watsa gyaɗa mai gishiri a baki yana koya wa fasinjoji yadda ake tuƙa jirgin ruwa. A kasuwa aka nuna musu rumfar Nagoggo, ɗan kasuwar da ke kawo kayan mata daga Jidda. Nagoggo ya shimfiɗa baƙin ƙyalle ya ɗora sarƙa biyu.

"Wagga ta teku ta," in ji shi. "Ku duba, kowane ɗa kewayayye, kamar an auna, ga sheƙi. Amma hwa da tsada. Wagga ko ta gulbi ta, cikin wani abu mai kama da makankari aka kiwon ta a ruwan daɗi. Wani kamar shinkahwa, wani kamar wake, amma ita ma ta gaskiya ta, kuma tana da sauƙi."

Muhtari ya ɗauki ta gulbin, ya ga tana da wani ɗan ja-ja mai daɗin ido, ya tuna wuyan Yusra, ya yi murmushi.

"Kawu, ni dai wagga ta yi min."

"Aje ta! Wa yac ce maka ta gulbi ta? Ɗan kasuwa? In ɗan kasuwa yac ce maka rana ta hito, leƙa waje. Abin da yat tashi cikin gishiri, gishiri na jikinai. Miƙo nan."

Kafin Nagoggo ya ce uffan, Haladu ya zaro harshe kamar saniya ta ga kanwa, ya lashe sarƙar gulbi daga wannan kai zuwa wancan. Ya lumshe ido, ya tsotsi leɓe.

"Gishiri! Wagga ita at ta teku. Ka gani? So yay yi shi musanya muna."

"Alhaji, to lasa ɗayar mana," in ji wani mai kallo, don tuni mutane sun fara taruwa.

Ya lasa. Ita ma gishiri. Ya manta sarai da mudun gyaɗar da ya gama da shi a mota, sai ya ce bakinsa ne ke bukatar wanki. Aka kawo masa shayi daga teburin da ke kusa, irin mai sukarin da cokali ke tsayawa a ciki, ya kurɓe ya sake lasar sarƙoƙin.

"A'uzubillahi! Duk biyun zaƙi gare su! Duk na gulbi na! Bawan Allah, ka ji tsoron Allah, shari'a ta zo hwa!"

Kasuwa ta kwashe da dariya. Nagoggo ya fizge kayansa yana gogewa da hannun riga.

"Alhaji, abin wuya nika saidawa, ba alewa ba. In za ku saya ku saya, in yunwa kaka ji ga masu waina can."

Da aka zo ciniki, kuɗin bijimi bai ko kama ƙafar ta teku ba, ta gulbin ya isa. Muhtari ya biya da farin cikinsa. Amma Haladu, wanda dariyar nan ta tsaya masa a maƙogwaro, ya karɓe sarƙar da ɗan gwangwaninta ya zura a aljihu.

"Ɗan 'yar'uwata ba shi kai kayan gulbi gidan malamai, a ce mun kawo abin da kwaɗi sunka yi wasa da shi. Mi ab bambancinsu? Ruwa na kawai. Ka bar min ita, ran kai lehe ta teku za su gani."

"Kawu, don Allah..."

"Koma makaranta ka koya ma ɗiyan mutane baƙaƙe. Teku ba ta cikin manhajarka."

A gida, Haladu ya sami wata tsohuwar tukunya ya kai bayan rumbu. Ya zuba ruwa, ya antaya gishiri har ya daina narkewa. Sai ya tuna yadda matarsa Zulai take wanke warwaronta na tagulla da tasoshin jerenta, ta jiƙa su a ruwan tsamiya su fito suna walƙiya kamar sababbi. Ya ce a ransa, abin da ya sa tagulla sheƙi, ina ga ɗan sarki irin lu'ulu'u? Ya kwashe tsamiyar kunun Zulai kaf ya dama, ya matse lemun tsami a kai don ƙarin albarka, ya ɗora a wuta ya ɗumama, sannan ya jefa sarƙar.

Ba a jima ba ƙananan kumfa suka fara tasowa daga jikin 'ya'yan sarƙar, suna wani sii-sii. Wani mai hankali da ya ga haka zai tsame kayansa da gudu. Haladu kuwa kunne ya kara a bakin tukunya, har da ƙwalla.

"Allahu akbar. Kukan teku ke nan. Haka taka yi a Ikko."

"Malam, ina tsamiyata?" Zulai ta ɗaga murya daga madafa. "Kuma mi kaka dahwawa bayan rumbu?"

"Maganin basir na. Kar wanda yat taɓa."

Ya rufe tukunya, kullum ya ƙara tsami ya ƙara ɗumi, bai tsame ba sai da safiyar ranar kai lefe. Ya zura hannu yana bismilla, ya ɗago zare, zaren ya tsinke a hannunsa kamar dafaffiyar taliya. Ya tace ruwan. Abin da ya rage a gindin tukunya, wallahi ko ni da nake ba ka labari sai da na tausaya wa Muhtari: 'yan ƙananan farare, sun ƙanƙance, sun yi ƙuraje, ba sheƙi ba kyan gani, sak tsakin dawa.

Gaban Haladu ya faɗi, amma bakinsa bai faɗi ba. Ya ce sanyi ne ya kama su. Ya shafe su da man shanu ɗaya bayan ɗaya, ya baza a faifai ya ajiye a rana, ya shiga ɗaki neman sabon zare da babbar rigarsa ta zuwa Idi. Ya fito ke nan ya tarar da agwagwar Zulai, wata ƙatuwa mai jan fuska, tsaye a kan faifan, tana miƙa wuya tana haɗiye na ƙarshe. Ta dube shi ta kaɗa wutsiya, alamar man shanun ya ji.

Ya ɗauko wuƙa. Sai ga hon a ƙofar gida, motar mata ta iso, don a lokacin an raba, mata motarsu daban maza tasu daban. Zulai da gwaggwannin Muhtari suka fito da akwati, an sha lalle an sha turare.

"Malam, ina sarƙar?" in ji Zulai.

Ya ɓoye wuƙa a bayansa, ya miƙa mata ɗan gwangwanin sarƙar a naɗe cikin ƙyalle, ba komai a ciki.

"Kar ku buɗe a hanya, iska na ɓata ta. Ku yi gaba, ina biye."

Lissafinsa shi ne, yanka da fiɗa da wanki za su ci lokaci, ga shi in Zulai ta ga jinin agwagwarta kashinsa ya bushe. Abin da ya shiga ta gaba kuwa dole ya fita ta baya, kuma gargadar hanyar Zurmi za ta taimaka. Ya cusa agwagwa a ƙarƙashin babbar riga, ya danne ta da hammata, ya tari ɗan kabu-kabu. Suna tafe tana huci tana tsattsage masa haƙarƙari, ɗan kabu-kabu yana waiwaye.

"Alhaji, asma gare ka?"

"Tuƙa, kuma duk ramin da kag gani ka hwaɗa shi."

Sun faɗa kowane rami tsakanin Ƙaura da Zurmi. Agwagwa ta yi abin da ake jira har ya gangaro masa cikin wando, ya tsaya ya bincika a bakin hanya, babu ko ɗa guda.

A Zurmi aka shigar da mata cikin gida, shi kuma aka yi masa shimfiɗa a zaure tsakiyar malamai, kusa da uban yarinya. Aka gaisa, aka taɓa zancen yadda gari ya yi tsit tun da aka rufe gidajen giya. Haladu yana zaune a karkace, gumi na zuba, rigarsa tana motsi ita kaɗai. Wani dattijo ya toshe hanci da rawani cikin ladabi. Duk da haka da aka tambaye shi hanya, sai da ya ce ai wanda ya saba da igiyar teku, gargada ba ta dama shi.

Daga cikin gida sai aka ji guɗa ta tsaya cak. Sai muryar Hajiya Maryamu, tar kamar a lasifika:

"Gwangwani wayam! Mu za a yi ma wasan yara? Ku ruhe akwatinku!"

Haladu ya zabura, hammata ta saki. Agwagwa ta faso ta wuyan riga, ta mari liman da fiffike, ta bi ta kan kwanon fura ta yi cikin gida. Shi kuwa gogan naka ya manta da inda yake, ya manta da labulen da ko ƙanin mai gida ba ya ɗagawa sai da sallama, ya bi ta a guje har tsakiyar mata yana ihu:

"Ku tare ta! Kar ta hita! Sarƙar amarya ta!"

Mata suka watse ana jan mayafi ana salati. Zulai ta dubi agwagwa, ta dubi mijinta, ta dubi abin da ke bin wandonsa, ta zauna daɓas a kan akwati ta rufe fuska. Hajiya Maryamu ce kaɗai ba ta motsa ba. Ta sa sandarta ta danne agwagwar, ta ce a yi mata bayani. Ba yadda zai yi, ga malamai sun cika bakin ƙofa, ya zayyana komai, tun daga tukunya har faifai, yana yi yana cusa kalmar teku ko za ta rage masa zafi.

Hajiya ta dube shi. Sai kafaɗunta suka fara rawa don dariya.

"Yaro dai ya sayi sarƙa," ta ce. "Bijiminai ya tahi, ba shi da laihi, Allah dai ya jarrabe shi da kawu. Aure na nan, ba ni tashin shi. Amma ni lehe cikakke nika amsa." Ta juya ta kira wata jikarta. "Ɗauko rariya da kujera 'yar tsugunno, ki kai ma Alhaji bayan ɗaki. Nan za shi zauna bayan agwagwag ga har kayan ɗiyata su gama hitowa."

Aka miƙa masa rariya, ya karɓa da hannu biyu. Ya rungumi agwagwa ya juya zai tafi, mata na ta ƙyaƙyata, sai Hajiya ta sake kiransa.

"Tsaya, Alhaji, kai am masani. Yanzu dangi za su zaka ganin lehe, kuma ba ni son in yi ƙarya. In sunka tambaye ni, agwagwag ga da kunka kawo muna, ta teku ta ko ta gulbi?"