Yadda Za Ka Gina Ɗakin Tumaki a Dajin Gwamnati Ko Ba Ka da Tumaki

Kai da hayaniyar gida ta hana ka barcin rana, ka kuma hango wata inuwa mai sanyi a bakin dajin gwamnati, inda ko sara ba a yarda a yi ba balle gini, matso kusa. Ni gwani ne a wannan fanni. In ka bi abin da zan faɗa maka, na yi alkawari ɗakinka zai tsaya daram, ba mai rushe shi. Shaidata Jinjiri na Wagini, dattijon da jikoki suka mamaye wa tabarma, har ya sayar da amalankensa ya sayi siminti da kwano don ya sami wurin runtsawa bayan azahar. Nasa yana nan tsaye har yau.

1. Kada ka kuskura ka kira shi ɗaki

Malamin daji zai iya kau da kai in mafakar dabbobi ka kafa a gefe. In ya gane makwancinka ne, sai rusau. Saboda haka tun ranar da aka haƙa tushe, sunansa garke. Ko a mafarki garke za ka ce.

Fara gwaji da mutanen gida. Da Zuwairatu, matar Jinjiri, ta leƙa ta ga ana shafe bango, sai ta riƙe haɓa.

"Malam, garke da filasta?"

"Tumakin zamani ne, ba sa son tsagar bango."

"To, Allah ya ba su lafiyar kwana."

In matarka ta yi maka irin wannan addu'a, ka amsa da amin ka wuce. Ba yarda ta yi ba, jira take.

2. Nemo tumaki

Garke ba tumaki abin zargi ne. Jinjiri tunkiya ɗaya gare shi, ita ma gurguwa, ta tsufa har ta daina kuka. Da ya ji malamin daji zai zo duba ginin, sai ya nufi rugar Manu, makiyayin da suka daɗe suna musayar dawa da nono. Aka gaisa, aka tambayi iyali da shanu da ruwan bana, sannan ya sauke murya.

"Manu, aron tumaki na zo. Na yini guda."

"Na ji aron jaki, na ji aron garma. Aron tumaki kam yau na fara ji, Baba Jinjiri." Sai ya ƙara da cewa, "Ka kora. Amma don Allah kada ka ba su abin da ban saba ba su ba."

Shawarar gwani: mai ba da aro ba ya rasa wa'azi. Ka gyaɗa kai kawai.

3. Gyara warin wurin

Ɗakin da ke ƙanshin sabon siminti ba ya ruɗin kowa. Ɗebo kashin tumaki ka watsa ko'ina, har lungu. Katifa da rediyo da butar shayi kuwa, ka kai su bayan wani kurmi su sha iska.

4. Sa su zauna

Tumakin daji ba su san rufin kwano ba. Na Manu suna shiga suka ɗauki kuka, suna tunkuɗar ƙofa kamar an ce musu gobe Sallah. Jinjiri ya ga asiri zai tonu, ya ruga gida ya kwaso dusa da harawa da dunƙulen kanwa, ya zube musu. Nan take wurin ya yi tsit, sai ƙarar tauna.

Ka yi yadda ya yi. Gargaɗin Manu fa? Ai Manu ba ya wurin.

5. Kowace tambaya da amsarta

Malamin dajin, wani siririn mutum mai suna Yasir, ya iso a kan babur, ya gaida Jinjiri har da rusunawa, ya shiga yana dube-dube. A nan ake gane namiji. Kada ka yi jim, kada ka sosa ƙeya.

"Baba, wannan tagar fa?"

"Iska, Malam. Tunkiya ba ta son zafi."

"Da labule?"

"Akwai masu ciki. Ka san mace da kunya."

"Wannan ƙusar da ke bango, mai kama da ta rataye hula?"

"Ta igiya ce."

Malam Yasir ya juya zai fita, sai ya tsaya yana shafa bayan ƙofa. Sai a lokacin Jinjiri ya tuna abin da ya manta.

"Baba, sakatar nan ta ciki ce. Wace ce a cikinsu take kullewa in sun kwanta?"

Wallahi ko ni gwani da na daburce. Amma Jinjiri ya dubi tumakin, ya nuna tasa gurguwar, ya ce, "Waccan. Ita ce babba."

6. Karɓi nasara da hannu biyu

Malam Yasir ya daɗe yana tari a cikin hularsa. Da ya gama ya ce, "Garke ya yi, Baba, ba mai taɓa shi. A dai cire sakatar, kada a wahalar da tsohuwa. Hanyar nan kuwa tawa ce, kullum ina bi. Ranar da na leƙo na ga katifa, ko na tarar ba tumaki da rana tsaka, to ka san ba garke ba ne."

Ka gani? Ɗaki ya tsira, kamar yadda na yi maka alkawari.

7. Mayar da kayan aro

Jinjiri ya mayar wa Manu tumakinsa da yamma, ya kwana yana murmushi. Washegari bayan azahar ya lallaɓo da katifa a ka, yana cewa a ransa malamin ba zai zo yau yau ba. Yana tura ƙofa ya tarar da tumakin Manu kwance, sun cika ɗakin, rago ya riga ya ci rabin labule. Can sai ga Manu da sandarsa a kafaɗa, ko haki ba ya yi.

"Baba, me ka ba su?"

"'Yar dusa ce, da kanwa kaɗan."

"Shi ke nan. Sabo turken wawa. Rana na take tsaka suka bar ni a daji suka miƙo nan. Ni kam na huta."

Jinjiri ya ɗaga sanda zai kore su, sai ya jiwo ƙarar babur daga nesa. Ya sauke sandar, ya cilla katifa cikin ciyawa, ya shiga lallashin tumakin kada su tashi. Tun daga ranar, in ya kore su ɗaki ya tafi, in ya hana su dusa su yi ta kuka har a ji a gari. Takaici ya ishe shi, amma ba wanda zai kai wa ƙara.

Yanzu a gindin marken da ke ƙofar garken yake shimfiɗa buhu, inuwar da tun farko kyauta ce. Jikoki kuma sun gano akwai tumaki masu taga, kullum suna can suna hawa kansa don su leƙa. Zuwairatu ce ke turo su da furarsa, da saƙon a gaida masu ɗaki.

Togaciya

Ni alkawarin tsayuwar gini na yi, kuma gini ya tsaya. Ban ce kai za ka kwana a ciki ba. Wanda ya rasa amalanke ko labule ko barci a kan wannan shawara, kada ya doso ƙofata. Ya je Wagini ya sami gurguwar, ita ce babba.